Ladan Alhassan na Madarunfa da Maganin da Ya Riƙa Kayar da Shi

Saura kaɗan da ban rubuta wannan tarihi ba, saboda karatuna bai wuce aji huɗu na lakwal, wato makarantar boko, ba, kuma a cikinsa akwai sunan ƙwayar da ake jin nauyin ambata tare da sunan dattijo. Yayyena ne suka matsa, suka ce ni na zauna da mahaifinmu a shekarunsa na ƙarshe.

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Alhassan a shekarar 1951 a garin Gabi. Sunan mahaifinsa Hamza, manomin hatsi da gujiya, mahaifiyarsa kuwa Ɗelu. Ya yi karatu a wurin kawunsa a Safo, inda ya sauke Alƙur'ani a shekarar 1967, kuma tun lokacin aka shaide shi da murya mai zuwa nesa, har kawun yakan ce idan Alhassan ya kira awakinsu, na maƙwabta ma sai sun zo.

Sana'a da Aure

Bayan shekaru yana zuwa ci-rani Katsina, a 1976 ya sayi jaki da amalanke, ya zauna a Madarunfa yana dakon tubali da dammunan hatsi. A 1978 ya auri Habiba, mahaifiyarmu, bai kuma ƙara aure ba. A 1989, da ladanin masallacin unguwarmu ya rasu, jama'a suka ɗora masa ladanci, ya haɗa shi da sana'arsa ba tare da ya taɓa neman lada a wurin kowa ba.

Hatsari da Jinya

A daminar 2017 amalankensa ya kife a hanyar Safo, ƙugunsa ya karye. Ƙashin ya haɗu, amma ciwon ya ƙi tafiya, har likita a Maraɗi ya rubuta masa tramol. Ciwo ya lafa, sai wata matsala ta ɓullo. Ranar da ya koma masallaci, ya miƙe daga zaune zai tayar da iƙama, idonsa ya rufe, ya faɗi a gaban sahu. Hakan ya riƙa maimaituwa, har aka fara raɗe-raɗin neman wani ladan.

Mutanen unguwa suka yanke cewa jininsa ne ya ƙare. Inna ta shiga dafa masa zoɓo ja wur safe da yamma, maƙwabta ma suna aiko da nasu, don kowa ya ɗauka jan abu yana ƙara jini. Yakan karɓi kwanon ya ce, "Habiba, in dai jini ne, na tara har ya isa zakka." Faɗuwar kuwa sai ƙaruwa take yi.

Bayanin Malama Bushira

A farkon 2018 na raka shi gidan likita na garinmu, wurin wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Bushira. Ta auna bugun jininsa yana kwance, ta sake aunawa yana tsaye, ta ga ya sauka sosai. Ta bayyana cewa idan mutum ya miƙe, akwai jijiyoyin da ke kai saƙo ga hanyoyin jini cewa su matse, don kada jini ya gangara ƙafafu ya bar kai. A jikin jijiyoyi akwai wasu ƙananan gurabe da irin wannan magani ke zama a kansu. Idan maganin ya zauna a kansu, saƙon ciwo yakan yi shiru, amma a wasu mutane, musamman tsofaffi, saƙon matsewar ma yakan makara. Ta ƙara da cewa yawan zoɓo na iya ƙara saukar da bugun.

Da Inna ta ji, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Wato ni ke kayar da Malam?" Shi kuwa ya ce, "Ku biyu ne, ke da ƙwayar, amma ke kin fi ta zaƙi."

Shekarun Ƙarshe

Liman ya ba shi shawara ya riƙa kira a zaune, tunda akwai lasifika, kuma yana da uzuri. Ya amsa da cewa, "Allah gafarta Malam, ina zaune zan ce wa mutane su tashi?" Ya zaɓi a rage masa maganin. Da shawarar likita aka rage shi sannu a hankali, aka kuma daidaita lokacin shansa nesa da lokutan salla, ciwon ya dawo rabi, ya jure. Malama Bushira ta koya masa tashi daki-daki: ya durƙusa, ya dafa bango, ya jira idonsa ya washe, sannan ya miƙe.

Dattawan sahun gaba sukan tsokane shi, "Ladan, fara tashi tun azahar, ko ka isa kafin la'asar." Yakan ce, "Ni ina tashi a hankali, ku kuwa ba kwa tashi sam sai na yi muku ihu." Daga 2018 bai sake faɗuwa a masallaci ba, kuma ba a sake maganar wani ladan ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara saba'in da biyu, bayan zazzaɓi na ɗan lokaci. An yi masa salla a ƙofar masallacinsa bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Madarunfa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya bakwai: Abdu, Garba, Safiya, Al'amin, Rashida, Farida, da ni Aminatu, autarsa, sai jikoki da dama. Allah ya jiƙansa, ya yalwata kabarinsa.

Washegari da safe na tattara ragowar maganinsa na ƙulle a bakin mayafi, don kada wani ya ɗauka, na mayar wa Malama Bushira. Ta yi mini gaisuwa, sannan ta tambaye ni yadda ya yi kiran sallarsa na ƙarshe. Na ce mata la'asar ce ta ranar Lahadi, kuma a tsaye ya yi.