Telen da Na Zaɓa a Damagaram

Ranar Asabar ta farko bayan an gama ɗaurin hatsi, a shekarar da nake ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare, na tsinci kaina a kujerar baya ta motar Damagaram, matse tsakanin Baba da wana Bukar, da ordinater, wato kwamfuta, a kan cinyata naɗe cikin tsohon zanen Inna. Tun kafin mu bar tashar Gure nake tambaya ko tafiyar da nisa. Da muka tsaya a Gidigir ana ɗora buhunan wake da awaki biyu, ji na yi kamar in sauka in tura motar da hannuna. Ƙafata sai rawa take, har Baba ya dafa gwiwata ya ce, "Falmata, gaggawa ba ta jawo gari kusa." Tele za mu sayo, kuma a raina na riga na yanke cewa ni ce mai zaɓe.

Tsohon telenmu irin mai ƙusumbin nan ne, wanda sai an mare shi a gefe yake kawo hoto. Cikin damina ya yi wata ƙara, ya fitar da wari kamar na roba a wuta, bai sake tashi ba. A daidai lokacin ne Bukar ya dawo daga Libiya da wannan ordinater, wadda gilashinta ya tsage ta yadda rabin fuskar baƙi ne ƙirin. A ɗaya rabin nake wasan tseren motoci, ina karkata kai kamar kaza mai kallon shaho. Wasan ya shiga raina fiye da carafke da 'yar gala-gala. In ina surfe, lissafin kwanar hanya nake. In an aike ni kwari kai wa Baba fura a garka, da gudu nake hawa tudun yashi in dawo, rairayi na ƙona mini tafin ƙafa. Ko a aji, malaminmu da muke ce wa mushe ya sha kama ni ina tuƙi da yatsu a kan tebur. Ranar da Bukar ya ce akwai sababbin tele masu faɗi, marasa kauri, waɗanda ake jona musu ordinater da waya hoton ya fito gaba ɗaya, ban iya cin tuwo ba.

Baba kuwa abin da ya dame shi daban ne. Lokacin kokowar gargajiya ya matso, kuma shekara da shekaru a tsakar gidanmu maƙwabta suke taruwa kallo bayan la'asar. Bai so a ce bana an watse zuwa wani gida. Shi ya sa ya kai maraƙinsa kasuwa, ya ce tele ɗaya za a saya, ya ishi kokowa, ya ishi wasan yara.

Shagon da muka shiga a Damagaram ya cika da haske har ido na yaji. Tele jere a bango, duk hoto ɗaya suke nunawa. Bukar ya bi bayansu yana leƙe, duk wanda ba shi da ramin da wayarmu za ta shiga ya wuce shi, har suka rage guda biyu da ƙarfinmu zai kai. Ɗaya babba ne, faɗinsa ya kusa ƙofar rumbu, amma tsohon yayi ne. Ɗayan sabo ne fil, sai dai bai fi faifai biyu a jere ba. Mai shagon, wani dattijo mai haƙuri, ya yarda mu gwada. Na durƙusa a ƙasa na kunna wasana a babban. Motar ta fito ƙatuwa, har na yi ihu, amma da na danna ta juya sai ta yi jinkiri kamar jakin da aka yi wa lodi, kafin ta amsa na riga na daki katanga. Sau uku ina gwadawa, sau uku ina karo. In gudu ya yi gudu, hoton ma sai ya bar wata inuwa a baya. Da aka jona ƙaramin, kafin yatsana ya gama sauka motar ta juya. Na zagaye filin ban taɓa komai ba.

Sai Baba ya yi nasa gwajin. Ya ja da baya har bakin ƙofa ya tsaya yana kallon telen biyu, ya matso, ya sake ja da baya. Daga nan ya nuna babban ya ce, "Wannan dai mutum zai ga fuskar ɗan kokowa." Bukar ya kawo maganar cin wuta, ya ce kuran ɗin unguwarmu, wato lantarki, ba shi da ƙarfi, ƙaramin zai fi jurewa. Ni kuwa ba hujja na kawo ba, kuka na kawo. Na ce babban malalaci ne, na ce gara a bar ni da fasasshen gilashina, na buga ƙafa a gaban mutane abin da ban taɓa yi ba. Baba ya dube ni, sannan ya gyara hularsa ya ce wa mai shagon, "A ɗaure mana na Falmata."

Satin farko ban san inda nake ba don murna. Ina gama shara da wanke-wanke sai in jona waya, ƙawayena su cika ɗakin Inna muna karɓa-karɓa, masu jira suna tsalle suna ba da umarni. Da kokowa ta fara aka fitar da telen ƙarƙashin rumfa, aka ɗora shi kan turmi da aka kife, aka shimfiɗa tabarmi. Maƙwabta suka zo kamar kullum, ana shayi, ana gardama. A rana ta farko Baba ya zauna inda ya saba, jikin ginshiƙin rumfa. A ta biyu na ga ya jawo buzunsa gaba. A ta uku har gwiwarsa na taɓa turmin, yara na leƙe ta kafaɗarsa. Da aka yi wani kaye gida ya kaure da sowa, sai na ji ya sunkuyo yana tambayata a hankali, "Wa ya faɗi?"

Washegari muna daka da Inna na ba ta labari ina dariya. Ba ta yi dariya ba. Ta tsayar da taɓarya ta ce wata farar yana ce ta fara rufe idon Baba tun bara, ko a garka da lalube yake gane rogon da ya isa cira, kuma ya hana ta faɗa wa kowa. Ban san lokacin da na saki tawa taɓaryar ba. Na ruga wurin Bukar na ce mu mayar a musanya. Ya ce kayan da aka yi sati uku ana kunnawa ba ya komawa, kwalin ma Inna ta shimfiɗa wa 'yan tsaki. Na yini ina shiga ɗaki ina fita, na kasa zama, na kasa kallon ordinater ɗin. Da yamma na bi Baba kwari, na same shi yana jan ruwa, na tsaya bayansa na ce ya yafe mini. Ya ajiye guga ya yi murmushi ya ce, "Ba telen ne ya yi ƙanƙanta ba, uwata, idon ne ya gaji. Ki riƙa zama kusa da ni kina faɗa mini."

Haka muka ƙarasa kokowar shekarar. Ni da ba na iya zaman minti biyar wuri guda, na koyi zama tun daga kirari har kaye. Na koyi sunayen kamu, na san wanda ya ɗaura laya a damtse da wanda ya sa ƙafa ta ciki, ina faɗa da sauri har numfashina na sarƙewa, Baba na gyaɗa kai yana cewa, "To, to, sai me?" Wani lokaci shi yake riga ni sanin wanda zai faɗi, daga jin yadda kiɗa ya sauya. Wasan motata ban daina ba, amma ban ƙara jin haushi in an zare waya an kai telen rumfa ba.

Bayan shekaru aka yi wa Baba aiki a asibiti, ido ɗaya ya buɗe tas. Ni yanzu a Yamai nake aiki, kuma bara na aika gida da tele wanda sai da mutum biyu suka shigar da shi. Sai dai rumfar ba ta cika kamar da. Kowa na da kallonsa a wayar hannu, ƙannena ma wasanninsu a aljihu suke. Kwanan baya na kira na tambaye shi yadda yake ganin sabon. Ya ce, "Komai ina gani, har gumin 'yan kokowa. Mai yi mini surutun ce dai babu."

Ashe akwai kallon da sai da mutum a gefe yake cika.