Man kaɗanyar ƙawata

Shekarun baya ina aiki a wani kamfanin fasa kashu a Parakou, benci ɗaya muke zama da ƙawata. Ga wanda bai sani ba, ɓawon kashu yana da wani mai da ke cin fata kamar wuta. Mu mata ke ɓarewa da hannu, maza suna kan inji da safar hannunsu, amma ƙarshen wata albashinsu ya fi namu nesa ba kusa ba. Ƙawata ta tambayi mai kamfanin dalili, ya ce ai su masu iyali ne. Ita kuwa marayu uku take ciyarwa. Ranar ta ajiye aikin, ta ce in zo mu koma garinmu Djougou mu kama sana'a. Na ce mata da tsirara gara baƙin bante, na yi zamana.

Man kaɗanya ta shiga haɗawa, irin na shafa wa hannun da kashu ya ƙona. Kafin shekara biyu kowace mace a layinmu tana da kwalbarsa a jaka. Ta kama shago, ta ɗauki mata aiki. Wallahi abin ya tsaya min a wuya. Ina jin an yabe ta sai in taɓe baki in ce man kaɗanya ne fa, kakannin kowa sun iya. Na daina ɗaga wayarta, na rantse ba zan saya ba.

To, hannu bai san rantsuwa ba. Nawa ya tsattsage har alwala ta zama azaba. Sai na roƙi mahaifiyata ta riƙa saya min a Djougou tana aikowa, kada ta ce nawa ne. Ina karɓa in juye a tsohon gwangwani, wai ni mai wayo.

Rannan muka haɗu a wani suna, ba hanyar gudu. Ta kama hannuna ta juya shi, ta kai hanci. Na ce wani mai ne na Kwatano.

Ta yi murmushi ta ce, "Ke dai ba ki iya ƙarya ba. Naki kaɗai nake sa wa kanumfari, tunda na san kina son ƙanshinsa."

Ashe tun kwalbar farko ta gane, don Inna ba ta taɓa fasa kashu ba. Kunya ta hana ni ko cin tuwon sunan.

Yau mun shirya, ni ke sayar mata da man a unguwar Ganou, nan Parakou. Da na zauna na yi tunani, mazan da suka fi mu albashi ban taɓa jin zafinsu haka ba, sai wadda muka ƙone tare. Kuma kada in yi muku ƙarya, har yanzu in na ga shagonta wani abu yakan ɗan motsa min a ƙirji. Sai in shinshina hannuna in wuce.