Hatsin da Ya Yi Tsiro a Mangaza

Sana'ar Baba ajiyar hatsi ce. Da kaka yake saye a kasuwannin ƙauye, Waca da Dogo-Dogo da sauransu, ya tara, ya jira damina ta yi nisa rumbunan mutane su ƙare, sannan ya fitar. Da can a zauren gidanmu na Magarya yake jibge buhunan. Ina lise, watau babbar sakandare, ya samu hali ya gina mangaza ta kansa, babban ɗakin ajiya, a bayan gari.

Filin wani kwari ne mai baƙar ƙasa da take tsattsagewa da rani. Tsofaffi suna ce masa tafki, amma ni tun da na yi wayo ƙwallo kawai na ga yara suna bugawa a wurin. Wanda ya sayar wa Baba ya ce tun farin zamanin iyayensu ruwa ya bar kwana a can. Baba ya sa aka zuba ƙasa da baraguzai, aka ɗora bulo, aka rufe da kwano, aka daɓe da siminti.

Ba mutum ne mai sakaci ba. Ya yi wa ɓarawo ƙofar ƙarfe, ya yi wa ɓera siminti, ya yi wa ƙwari magani. Ya kuma yi wa idon mutane tanadi, domin ƴan tagogin da magini ya bari can sama sai da ya sa aka toshe su. Duk mai ajiyar hatsi a wajenmu ya san dalili. In aka ga yawan abin da ka tara, ko aka ga kana yawan buɗe ƙofa, dangi da maƙwabta za su fara sallama da ƙwarya a hannu, kuma ba wanda za ka iya hanawa. Saboda haka mangaza in an rufe ta da kaka, ba a sake taɓa ta sai ranar fitarwa.

Wadda ta fara kawo hatsi ita ce Gwaggo, yayar Baba da ke Kwaya. Mijinta ya rasu, jikoki suna hannunta, gara kuma ta cinye mata gindin rumbu. Ta sussuke rabin abin da ta noma ta ɗoro a amalanken jaki. Ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙen ciki.

"Alhajin birni, ko taga babu? Wa hatsin ya kashe da za a yi masa kurkuku?"

"Yaya, in ba ki so, jakin bai tafi ba tukuna."

"Wa ya ce ba na so? Na gaji da noma wa gara. Zuba mini a simintin nan na masu hali, ni ma in ɗana."

Da yake nata ne ya fara zuwa, shi aka jera a ƙasa, kai tsaye a kan daɓe. Na Baba ya biyo baya, aka yi ta ɗorawa har kusa da kwano. Aka rufe.

Daminar da ta biyo irin ta shekarun nan ce. Aka daɗe ana duban sama, sannan ruwa ya sauko kamar za a zubar da na shekara a yini guda. Ya malala ta kwarin, ya zagaye mangaza, ya wuce. Baba ya je ya duba daga waje. Kwano bai ɗaga ba, dokin ƙofa a bushe. Ya dawo yana hamdala.

Lokacin muna hutu, ni kuma ajin ƙarshe zan shiga. Gidanmu ba a rasa hayaniya, sai na riƙa ɗaukar littattafaina bayan azahar in tafi inuwar mangaza, inda ba kowa. A can na fara ganin abubuwa.

Rana tana haske, an kwana biyu ba a yi ko yayyafi ba, amma ramukan da masu bulo suka haƙa sun cika da ruwa garai-garai, ba irin jan ruwan da kwararo yake kawowa ba. In ka ɗebe, ya dawo. A gindin bango wani baƙin layi ya fito, kullum na zo sai in tarar ya ɗan hau. Tururuwa suna kwashe ƙwayayensu suna hawa sama. Ƴan mitsi-mitsin kwaɗi sun jeru a bakin ƙofar ƙarfe, ba sa kuka, ba sa gudu in na matso.

Wata rana na jingina da bangon da ke cikin inuwa, sai na ji shi da ɗumi, irin ɗumin jikin mai zazzaɓi. Na ajiye littafi. Wani tsami-tsami yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, kamar gasarar da ta kwana. Na kara kunne a ƙarfen. Da farko shiru. Can sai na ji ƙas, daga nesa cikin ɗakin. Aka jima, wani ƙas daga wani gefe, kamar mutane suna zaune a duhu suna lanƙwasa yatsu. Na san ba kowa a ciki, makullin yana aljihun Baba. Na tattara littattafaina, ban yi gudu ba, amma ban waiwaya ba har na shiga gari.

Magana a gaban Baba tana yi mini nauyi, amma da yamman nan da na kai masa ruwan alwala na faɗa masa duka. Ya saurara har ƙarshe.

"Ɓeraye ne. Ko kwano in ya sha rana."

"Baba, bangon yana da ɗumi."

"Ke ma kina da ɗumi, kin wuni a rana da takarda. Ruwa ta sama yake zuwa, na kuwa duba saman. In na buɗe yanzu, kafin la'asar unguwa ta cika ƙofar. A bari kasuwa ta ƙara motsawa."

Ba kasuwa ce ta buɗe ƙofar ba, Gwaggo ce. Ta iso wata hantsi a amalanke, ta ce abin da ta bari a gida ya ƙare, jikoki sun koma kan tafasa, sabon hatsi kuma bai ko fitar da kai ba. Ba yadda Baba zai yi. Muka tafi mu uku da mai jakin.

Ƙofar ta ƙi buɗuwa sai da suka sa kafaɗa. Wani huci mai zafi ya bugo mu. Ba ambaliya muka tarar ba. Daɓen yana ƙyalli ne kawai, simintin ya tsage a tsakiya, ruwa yana ɓulɓulowa a hankali ta tsagar, ba ko ƙara. Buhunan ƙasa sun kumbura, ɗinkinsu ya ɓalle, abin da na riƙa ji ke nan. Ta kowace kafa ta saƙar buhu tsiro ya fito, fari fat, dogaye sirara, ba ɗigon kore a jikinsu domin ba su taɓa ganin rana ba. Dukkansu sun karkato wuri guda, wajen ƴar tsagar hasken da ke ƙarƙashin ƙofa, watau wajen da muke tsaye. Mai jakin ya ja da baya yana salati ƙasa-ƙasa.

Gwaggo ta shiga, ta durƙusa a cikin laimar, ta kama bakin buhu guda ta ja. Ya ƙi tasowa, saiwa ta kama tsagar daɓen. Ta shafa tsiron da tafin hannu.

"Nawa ne wannan," in ji ta. "Ga zanen da na ɗaure bakinsa da shi."

Baba ya ce, "Yaya."

Kafin azahar unguwa ta cika wurin, kowa ya ga abin da aka toshe tagogi don kada ya gani. Aka yi ta fitar da buhuna ana shanyawa. Na tsakiya sun yi fumfuna, sai masu dabbobi. Na can sama ne kaɗai suka tsira da lafiya, kuma daga cikinsu Baba ya cika amalanken Gwaggo, bai auna ba. Jarin shekarar ya tafi a nan.

Yanzu da nake karatu a Damagaram nakan tuna lissafin Baba. Ya sa farashi a ciki, ya sa canjin naira, ya sa ɓarawo da dangi. Damina kuwa ya ɗauke ta yadda ya san ta yana saurayi, bai tambayi inda ruwan da ya wuce yake tafiya ba, alhali ƙasar da ya yi gini a kanta tana sha tana cika daga ƙasa. Bai bar sana'ar ba. Ya kama hayar ɗaki a kan tudu, ya jera itacen giginya ya ɗora buhuna a kai, ya buɗe tagogi ya sa musu waya, ya raba kayansa wuri biyu. Duk Juma'a yana buɗewa ya zura hannu tsakanin buhuna. Masu ƙwarya suna zuwa, yana ba wasu, yana ba wasu haƙuri.

Hatsin da ya ba Gwaggo ya kai ta kaka ita da jikokinta. Da aka yi girbi ya aika mata cewa sabon wurin a kan tudu yake, ta kawo in tana so. Ɗan aiken ya dawo ya ce ya tarar tana sa a ɗora sabon rumbu a kan duwatsu, ta ce a gaishe da Alhaji da mutanen gida.