Ranar da Inna Ta Yi wa Bango Magana

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun casa'in, ina ƙaramin malamin firamare a Potiskum, mahaifiyata ta fara wani ciwo da ya hana ni sukuni. Da ta ja guga a rijiya sai ta tsaya, ta dafe ƙirji, gumi ya karyo mata. Ta ce gyambon ciki ne. Kanwa kuwa ta sha ta har na fara tausaya wa kanwar.

Ku sani ni ne ɗan fari, ita kuma Bafulatana ce ta gaske, zaman Hausari bai rage mata komai ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona. Ina zaune a gabanta za ta ce wa ƙanwata, "Ki gaya wa wancan, tuwo na hucewa."

Wata safiya ta zube a bakin rijiya. Baba ya tafi kudu da shanu, ƙanwata ta yi aure a Nangere, autarmu kuma yarinya ce, sai ni na kai ta asibiti a motar maƙwabci. Likitan ɗan kudu ne, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Inna kuma in ta tsorata, Hausa guduwa take daga bakinta, sai Fulatanci. Nas ɗin da ke yin tafinta ba ta zo ba. Wa ya rage? Ni.

Likita ya gwada jininta, ya saurari ƙirjinta, sannan ya ce da ni cikin Turanci, "Tambaye ta ko har yanzu tana ganin al'ada."

Jama'a! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Likita, uwata ce fa."

Ya ce, "Shi ya sa za ka tambaya."

Ya yi mini bayani a gurguje. Ya ce jikin mace na fitar da wani sinadari, istirojin, da ke sa jijiyoyin jinin zuciya su yi taushi. In wata jijiya ta fara toshewa, yana taimaka wa ƙanana su tsiro su kewaye wurin, kamar yadda muke buɗe 'yar hanya ta gefe in ruwa ya cinye titi. A shekarun Inna, in tana gani har yanzu, zai fi zargin ciki. In kuwa ya daɗe da ɗaukewa, to zuciya yake tsoro, kuma ba su da na'urar dubawa, sai mu kama hanyar Maiduguri a ranar.

Na sunkuyar da kai na tambaye ta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango.

"Inna, don Allah."

Ko motsi. Ina jin numfashinta yana fita da ƙyar. Na roƙi likita ya bari a ɗauko ƙanwata daga Nangere, ya ce bugun zuciyar da yake ji bai ba shi wannan lokacin ba. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ga uwata tana ƙarewa a gabana, amsar na bakinta, kuma ni ne ƙofar da ba za ta iya bi ta fito ba.

Ban san inda dabarar ta zo mini ba. Na juya mata baya, na fuskanci ɗaya bangon, na yi irin nata. Na ce da Fulatanci, "A gaya wa Inna, in ta tafi, auta ba ta da wata uwar."

Can sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, da bango take magana. "A gaya wa likita, a haihuwar auta aka yi mini aiki, aka cire komai. Tun daga nan ban sake gani ba."

Auta a lokacin ta kusa gama firamare. Nan na tuna an ce mana Inna ta tafi wankan jego Fika, ta daɗe ba ta dawo ba. Ashe abin da ya faru ke nan, ita kaɗai take ɗauke da shi. Na fassara wa likita, hawaye na zuba, ban juyo ba.

A Maiduguri aka tabbatar zuciya ce. Aka ɗora ta a kan magani, har da wanda ake sakawa ƙarƙashin harshe, aka raba ta da guga da kanwa. Allah ya ja kwananta har ta goya 'ya'yana.

Har yau in na ga mace ta dafe ƙirji tana cewa gyambon ciki ne, gabana faɗuwa yake, sai na dame ta da maganar asibiti har ta gaji da ni. Kunya ado ce, ban musa ba, amma na ga ranar da ta kusa raba ni da uwata.

Inna ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa jin haushi ba. Abin da ta faɗa wa bangon nan ya fi sunana nauyi a bakinta, kuma ta san sarai wane ne bangon.