Yadda Ɗayyabu Ya Samu Aiki

Ɗayyabu ɗan Kurmin Kogi ne. Ya yi difloma a fannin noma a Zariya, ya dawo da takardunsa cikin leda, ya shiga neman aiki. Duk ofishin da ya leƙa tambayar ɗaya ce: wa ya turo ka? Shi kuwa ba shi da kowa a sama. Sai ya koma fadama yana noman tumatir, yana riƙe da mahaifiyarsa da matarsa Lantana, amma ransa bai bar aikin albashi ba, domin shekarar da tumatir ya yi kwantai gidan kan kwana da yunwa.

Ana nan wani babban kamfanin sarrafa tumatir ya nemi malaman gona. Aka ce ba mutum ne zai tantance ba, na'ura ce mai ƙirƙirarriyar basira, ta waya za ta yi tambayoyi, ba ruwanta da sunanka ko addininka ko ubangidanka. Ɗayyabu ya yi murna kamar an riga an ɗauke shi.

Ranar ganawar ya saka rigarsa ta Juma'a, ya hau tudun bayan gari inda sabis ke kamawa. Lantana ta bi shi da tsiya: "Malam, har da turare? Wayar tana shaƙa ne?"

Na'urar ta ce ya faɗi wani abin kirki da ya taɓa yi da kansa. Shi ne fa ya haɗa kan manoman fadamarsu suka sayi injin ban ruwa, ya tsara musu kwanakin sha, rigimar rabon ruwa ta mutu. Amma an tarbiyyantar da shi a kan yabon kai jahilci ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ban yi komai ba, ikon Allah ne da ƙoƙarin jama'a." Na'urar ta ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta. Ba a kira shi ba.

Maƙwabcinsa Isaiah ya ce, "Ɗan'uwa, dattijo ne zai ji kunyarka ya gane. Ita na'ura kuwa, abin da ka faɗa kawai take ji."

Ɗayyabu bai zagi na'urar ba. Ya ce aƙalla ba ta tambaye shi wanda ya turo shi ba. Ya yi damina guda yana koyon faɗin aikinsa, Isaiah yana masa tambayoyi a bakin gona, shi yana amsawa yana gumi kamar mai satar akuya.

Da aka sake buɗe ɗauka, ya faɗi labarin injin tiryan-tiryan. Aka ɗauke shi.

Rani ɗaya ya yi yana zagaya gonakin Ikara da Kudan a kan babur ɗin kamfani, fuskarsa fes. Zazzaɓi ya kwantar da shi farkon damina, bai tashi ba. Mun yi rashin mutumin kirki. Allah Ya yalwata masa kabarinsa, Ya dubi Lantana da tsohuwarsa.