Manniru, Wanda Ya San Faifan Kuchigoro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Injiniya Manniru Zakariyya a gidansa da ke Lugbe, bayan jinyar wata biyu.

Manniru, shekara tara muka yi a ofis ɗaya kafin a sallame ni. Ni ne mai digirin waje, amma kai ka koya mini abin da ya fi muhimmanci a ɗakin kwamfuta. Ka ce kanel, wato zuciyar manhajar Linux, ba ya gane faifan ajiya ta abin da ke cikinsa. Faifan da ya fara amsawa idan an kunna inji shi ake kira sda, na biyu sdb. A ɗauke wuta, a tayar da janareta, sai sunayen su iya musanya.

Injinmu faifai biyu gare shi. Ɗaya na ɗauke da rajistar mutanen arewa maso gabas da ke zaune a sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro suna neman 'yan'uwansu da suka ɓace. Ɗayan kullum ana share shi a kwafe rajistar a kai. Ran da sunaye suka musanya, asalin za a share. Shi ya sa ka ɗaure kowane faifai da lambar da masana'anta ta buga masa, ka rubuta ƙa'idar da hannunka.

Na tuna ranar da shugaban sashe, Oga Thaddeus, ya leƙo ya ce, "Manniru, wannan dogon suna na menene? Ka sa sda da sdb mana, ba zanen suna muke yi ba."

Ka ce, "Oga, ko ɗan akuya ba a raɗa masa suna don ya riga tashi."

Madam Perpetual, wadda ke neman ɗanta tun 2014, duk wata take zuwa. Ba ka taɓa ce mata ta dawo gobe ba. Kujerarka kake ba ta, ku duba tare.

Yanzu na ji ranar Litinin ɗan kwangila zai sake ɗora manhaja a injin, domin babu wanda ya gane ƙa'idarka. Na rubuta takardar gargaɗi cewa hakan na iya share rajistar, na kai ofis da ƙafata. Mai gadi ya karɓa ya ce, "Baba, ka je, za a kira ka." Na yi aiki a garin nan, na san inda irin wannan takarda take kwana.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya Rumasa'u da 'ya'yanka, Fu'ad da Nafeesa. Allah Ya ba ku haƙuri. Sai kuma mutanen Kuchigoro, waɗanda har yanzu ba wanda ya gaya musu girman rashin da suka yi.