Dokta Martina Shekari da Firizar da Aka Kwashe

Haihuwa da karatu

An haifi Martina a Unguwar Gabas, Sabon Garin Zariya, a shekarar 1971. Mahaifinta Shekari ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarta Lucia kuma mai sayar da busasshen kifi. Ta yi dukkan karatunta a Zariya, ta kammala digirin digirgir a ilimin ƙwayoyin halitta a 2003.

Aure

A 1998 ta auri Oluwole, mai gyaran rediyo a unguwar PZ ta Zariya.

Aiki

Daga 2004 ta duƙufa kan wani ɗan sashe na furotin mai riƙe da sinadarin tutiya. Aikin sashen shi ne liƙa wata alama mai suna yubikwitin a jikin furotin ɗin da ya gama amfani, domin a rushe shi, ƙwayar halitta ta samu damar rabuwa biyu. Burinta ta toshe wannan sashe a jikin ƙwayar cutar sammore, ta yadda ba za ta hayayyafa a jinin shanu ba. Shekara goma sha ɗaya tana bin rugage da kasuwannin dabbobi tana ɗibar jini, tana adana samfuran a firiza ɗaya tilo ta wata ƙaramar cibiyar bincike mai zaman kanta a Samaru.

Asarar 2015

A watan Afrilun 2015, tana halartar taro a Ibadan, aka kwashe samfuran aka jibge a kan tebur, aka cika firizar da lemon walimar ban kwana da shugaban cibiyar. Kwana uku samfuran suka yi a zafin bazara, suka lalace baki ɗaya. Kwamitin da aka kafa ya zauna sau biyu, ya rubuta cewa ƙaddara ce. Ba ƙaddara ba ce, sakaci ne, kuma waɗanda suka aikata shi an ƙara musu girma. Da mataimakin shugaban ya ce mata, "Haba Dokta, ki yi haƙuri, ai jinin shanu bai ƙare a duniya ba," sai ta amsa, "Ranka ya daɗe, shekaruna ne suka ƙare."

Ta sake farawa a 2016, da firiza a falon gidanta, mijinta na kula da janareta.

Rasuwa

Ta rasu ranar 9 ga Yuni, 2022, bayan jinyar ciwon ƙoda, binciken bai kai rabi ba. An binne ta a maƙabartar Kiristoci ta Sabon Gari. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Oyindamola, Oluwaseun da Inioluwa. Ranar zaman makoki cibiyar ta aiko da katan biyar na lemo mai sanyi. Oluwole ya sa aka mayar da su cikin motar da ta kawo su.